Ɗana, Me Ka Yi da Mafarkinka na Jiya?

Ɗana, 'yata, kukan da na fi ji daga bakin matasa masu sha'awar rubutu shi ne rashin abin rubutawa. Alƙalami na nan, waya na nan, masu karatu ma ga su birjik a WhatsApp da Wattpad suna jiran a ba su, amma labarin ya ƙi zuwa. Daga nan sai a koma ga fim ɗin Indiya ko na Turkiyya da aka kalla shekaranjiya, a cire wa jarumar kayanta a ɗaura mata atamfa, a sauya mata suna, a ce an yi littafi. Mai karatu kuwa ba yaro ba ne, tun shafi na uku ya san inda aka dosa. Abin da ke ba ni tausayi shi ne, matashin nan da ke kukan rashin labari, a daren jiya kaɗai ya ga abin da babu wanda ya taɓa gani sai shi. Ya ga kakarsa da ta rasu zaune a cikin ajinsu na firamare da ƙwaryar fura a gabanta, ya gaishe ta, ta ƙi ɗago kai. Ya farka, ya yi salati, ya jawo waya, kafin ya gama duba saƙonni komai ya bi iska.

Masu binciken barci sun daɗe da gano cewa kusan kowa yana mafarki, har wanda ke rantsuwa cewa shi ba ya yi. A 1953 wasu masana biyu a Jami'ar Shikago ta Amurka, Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman, suka lura da wani lokaci a cikin barci da ƙwayar ido ke kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatarta, kuma in aka tashi mutum a daidai lokacin galibi zai ce mafarki yake yi. Barci yana tafiya zagaye-zagaye, kowane zagaye wajen minti 90, kuma sashen nan na motsin ido yana ƙara tsawo yayin da gari ke shirin wayewa. Shi ya sa mafarkai masu tsawo suka fi zuwa daf da asuba. A wannan hali sashen ƙwaƙwalwa mai tsara abubuwa, mai cewa wannan ba zai yiwu ba, yana lafawa, shi kuwa sashen tsoro da bege da tuna baya yana nan yana aiki. Dalili ke nan da ya sa kaka da aji da fura suke haɗuwa wuri ɗaya ba tare da ka yi mamaki ba. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) in ya idar da sallar asuba yakan juyo ya tambayi sahabbansa ko akwai wanda ya yi mafarki a daren. A lokacin abin da aka gani bai gama dushewa ba tukuna. Wanda ke kwana a kan waya har ƙarfe biyun dare ya tashi ƙarfe biyar, sashen da ya fi albarka a barcinsa ya yanke, sannan ya wuni yana hamma yana neman basira.

Mafarki ɗanyar fata ce. In an feɗe ta ba a shanya ko an zuba mata gishiri a ranar ba, gobe sai wari. Kuma ko an tsirar da ita daga ruɓa, sai ta bi ta hannun majemi ta sha bagaruwa, ta je hannun baduku, kafin ta zama takalmin sawa. To, ka fara da tsirar da ita. Ka ajiye ɗan littafi da biro a inda hannunka zai kai kana kwance. In ka farka ka yi addu'ar tashi daga barci, ka dakata kaɗan kada ka zabura, ka kamo abu na ƙarshe da ka gani, ka bi shi baya-baya har inda ya tsinke. In lokacin salla ya matse, kalma uku sun isa: kaka, fura, aji. Bayan an idar sai ka bi su ka cike. Ke kuma 'yata, na san aikin gida yana jiranki tun duku-duku, ga hura wuta ga shirya ƙanne, zaman rubutu da sassafe ba naki ba ne. Ki naɗi muryarki a waya na minti ɗaya, amma ki rufe data tun da dare, domin saƙo ɗaya in ya shigo ya isa ya share abin da kika gani.

Ka kuma rubuta yadda za ka iya karantawa. Wani masanin magunguna a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, Otto Loewi, ya ba da labarin cewa ya farka cikin dare da wata dabara da ta zo masa a barci, ya zana ta a wata 'yar takarda ya koma ya kwanta. Da gari ya waye ya san ya rubuta abu mai muhimmanci, amma ya kasa karanta rubutun hannunsa. Ya wuni cikin damuwa. Dare na biyu abin ya dawo masa wajen ƙarfe uku, wannan karon bai sake yarda da takarda ba, ya tashi ya nufi ɗakin gwaji. Ya ɗauki zuciyar kwaɗo biyu, ya motsa jijiyar ta farko har bugunta ya ragu, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, ita ma sai ta rage bugu. Da wannan ya nuna cewa jijiya tana aika saƙo ta hanyar wani sinadari da take fitarwa. Ya wallafa aikin a 1921, ya sami lambar Nobel a 1936. Shi an sake ba shi dama a dare na biyu. Yawancinmu sau ɗaya ake nuna mana.

Bayan hoton da ka gani, akwai abu biyu da nake so kada ka bari a baya: abin da ya faru da kai a ranar da ta gabata, da yadda zuciyarka take a lokacin da ka buɗe ido. Kunya ce, ko kewa, ko tsoro, ko wani sanyi da ba ka san dalilinsa ba? Ka rubuta shi da sunansa. Hoton yakan ruɗe, amma abin da zuciya ta ji ba ya ƙarya, kuma shi za ka fi bukata daga baya.

Yawancin matasa in har sun riƙe mafarki, tambaya ɗaya suke yi masa: me zai same ni? Sai a garzaya wajen mai fassara, ko a buɗe ɗan littafin nan da ake sayarwa a bakin masallaci da sunan Ibn Sirin, a duba maciji, a duba ruwa, a duba haƙori. Muhammad bin Sirin babban tabi'i ne da ya zauna a Basra, ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira, ya kuma shahara da fassarar mafarki, sai dai malamai da dama suna shakkar cewa shi ya rubuta littafin da ake jingina masa. Ko labarin da aka fi bayarwa a kansa ya isa ya nuna maka haɗarin duba jadawali. An ce mutum biyu suka zo masa, kowanne ya ce ya ga kansa yana kiran salla. Ya ce wa na farko zai je hajji, ya ce wa na biyu za a kama shi da sata. Mafarki ɗaya, fassara biyu, domin mutanen ya duba kafin ya yi magana. Littafin bakin masallaci bai san ka ba, bai san mahaifiyarka ba ta da lafiya ba, bai san bashin da ke hana ka barci ba.

Addininmu ya riga ya sauƙaƙa mana wannan al'amari, ya kasa mafarki gida uku. Akwai na gaskiya wanda bushara ce daga Allah, akwai na firgici daga Shaiɗan, akwai kuma zancen zuci, wato abin da mutum ya wuni yana saƙawa sai ya biyo shi makwanci. Na farko alheri ne, a gode wa Allah. Na biyu an koya mana yadda za mu yi da shi. Na ukun nan shi ya fi yawa a daren kowane ɗayanmu, shi ne kuma aka fi rainawa, ana cewa ai shirme ne. Ni kuwa a ganina shi ne rabon marubuci, kuma shi ne rabon duk mai son ya san kansa, domin da rana kana iya yi wa kanka ƙarya, amma in ka rufe ido abin da ke ranka ne zai fito.

Ban faɗi wannan don raina fassara ba, Annabi Yusufu (AS) da ita ya tserar da Masar daga yunwar shekara bakwai. Na faɗa ne saboda abin da idona ya gani. Na san wata yarinya, amarya ce, cikinta na fari ya zube bayan ta sha fama da zazzaɓin cizon sauro. Tana cikin jinya ta yi mafarki gwaggon mijinta, tsohuwar da ke dafa mata kunu kullum, tana miƙa mata nama. Aka kai maganar wajen wani mai duba, ya ce ai magana ta fito. Daga ranar yarinyar ta daina cin duk abin da ya fito daga ɗakin tsohuwar. Kwano ya je ya dawo a rufe yadda aka kai shi, sau ɗaya, sau biyu, har tsohuwar ta gane. Magana ta fita waje, yaran unguwa suka fara gudu in sun hango ta. Ta tattara 'yan komatsanta ta koma ƙauye, can ta rasu ba a shirya ba. Mai zazzaɓi da baƙin cikin rashin ɗa, in ta ga wadda ke ciyar da ita kullum tana miƙa mata abinci a barci, ina abin mamaki? Malamai sun yi ittifaƙi cewa ba a gina hukunci a kan mafarkin wanda ba annabi ba. Kada ka yanke zumunci da shi, kada ka zargi kowa da shi. Ke ma 'yata, in kin yi istihara a kan manemi, ba sharaɗi ba ne sai kin ga wani abu a barci. Ki yi addu'arki, ki sa a bincika halinsa, ki yi shawara da manya.

Tambayar da ta fi amfani ita ce: me wannan ke gaya mini game da ni? Amsar ba ta fitowa daga dare ɗaya. Sai littafin nan naka ya yi wata biyu ko uku, ka zauna ka karanta shi daga farko, sai ka ga abin da ke maimaita kansa. Wani kullum yana makara, mota tana tashi ta bar shi a tasha. Wata kullum tana cikin taron biki ta duba ta ga ba mayafi a jikinta. Wani ya gama makaranta shekara da shekaru amma har yanzu yana zaune a ɗakin jarrabawa ba biro. Wani kuma wansa da suka yi shekara ba sa magana shi ke ta fitowa, ba ya cewa komai, yana tsaye kawai a ƙofar gida. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Mai makara ya duba wane aiki yake ta ɗagawa. Mai ganin wansa ba ya bukatar mai fassara, lambar wayar wan nasa tana cikin wayarsa. Gyaran da rana ake yinsa, da ƙafa da baki, mafarkin iyakarsa ya nuna maka inda ke ciwo.

Ka san kuma wanda za ka buɗe wa wannan littafi. Da Annabi Yusufu ya ba mahaifinsa labarin taurari goma sha ɗaya da rana da wata, abu na farko da Annabi Yaƙubu (AS) ya yi shi ne hana shi gaya wa 'yan'uwansa. Yau kuwa yarinya za ta farka ta zuba mafarkinta a Facebook, kafin azahar mutum ɗari sun fassara mata, wannan ya ce aure ne, wancan ya ce mutuwa ce, ta wuni gabanta na faɗuwa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, wato ƙirƙiro mafarkin da ba a yi ba don a sami mabiya. Hadisi ya yi gargaɗi mai tsanani a kan haka, cewa mai yin sa za a tilasta masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu ranar alƙiyama, kuma ba zai iya ba. Kun san takardar nan da ke yawo da sunan wani Shehu Ahmad mai hidimar kabarin Manzon Allah, mai cewa duk wanda bai yaɗa ta ba masifa za ta same shi. Tun kafin a haifi iyayenku take yawo, manyan malamai irin su Ibn Baz sun bayyana cewa ƙarya ce, amma ga ta har yau a WhatsApp. In jarumin littafinka ya yi mafarki, mai karatu ya san ƙagaggen labari yake karantawa, babu yaudara a ciki. In kai da bakinka ka ce an nuna maka alhali ba a nuna maka ba, wannan wata magana ce daban.

Sai mu zo kan aikin rubutun kansa, inda na fi ganin ana tuntuɓe. Matashi zai kwafe mafarkinsa yadda ya zo, daga kasuwa ya faɗa kogi, kogi ya zama ɗakin mamarsa, ya turo ya ce ga labari. Shi yana karantawa tsikar jikinsa na tashi, domin shi ya san abin da ya ji. Mai karatu bai ji komai ba, ba ya wurin. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Robert Louis Stevenson, marubucin nan ɗan Sikotilan, ya daɗe yana neman labarin da zai nuna mutum mai hali biyu, na kirki da na tsiya a jiki ɗaya. A 1885 ya yi mafarki, abin da ya gani kuwa bai wuce fitowa biyu ko uku ba, ciki har da wani mutum da ake bi ya sha wani garin magani ya rikiɗe a gaban masu binsa. Shi da kansa ya ce sauran duk idonsa biyu ya yi su. Daga nan littafinsa na Dakta Jekyll da Mista Hyde ya fito a 1886. Lauyan da ke bin diddigin al'amarin, da wasiyyar da ta tayar masa da hankali, da jerin yadda asiri zai tonu, duk a kan tebur aka haife su.

Bari mu gwada da kakar nan mai fura. Kada ka rubuta cewa ka ga kakarka a aji. Ka zauna ka yi wa hoton tambayoyi kamar yadda alƙali ke yi wa shaida. Me ya kawo fura makaranta? Me ya sa ta ƙi ɗago kai? Da ka farka ka rubuta cewa kunya ka ji, to kunyar me? Wataƙila in ka matsa sai ka tuna cewa da kuɗin furar nan aka saya maka kayan makaranta, kuma akwai ranar da kuka taso da abokanka, ka hango ta a bakin titi da ƙwaryarta, ka kau da kai ka wuce kamar ba ka san ta ba. Ta gan ka. Da ka dawo gida ba ta ce komai ba, ta dama maka taka da nono mai yawa kamar kullum. To ga labari ya samu. Ka ba yaron wani suna, ka kai shi wani gari, ka sa masa aboki ɗan mai kuɗi wanda yake son burgewa, ka bar mai karatu ya ga hannun tsohuwar yana juya ludayi. Ba sai ka ambaci mafarki ko sau ɗaya ba. Irin wannan labari babu fim ɗin da za a ce daga shi ka ɗauko, kuma shi ne irin wanda ke tsayawa a zuciyar alƙalan gasa kamar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016. In ka gama ka ba wani ya karanta ba tare da ka gaya masa asalinsa ba. Duk inda ya tsaya ya ce bai gane ba, nan ne ka bar aikin a hannun barci, sai ka koma ka ƙarasa.

Akwai wata dabara da nake roƙon ku ku bari. Marubuci zai jefa jarumarsa cikin masifa, a sace ta, a ɗaura mata aure da wanda ba ta so, mai karatu ya biyo shi shafi hamsin zuciyarsa a hannu, da abin ya cuɗe ya rasa mafita sai ya ce firgigit ta farka, ashe mafarki ne. Mai karatu ya ba ka amanar lokacinsa da hawayensa, ka ce masa duk ba a yi ba. Ba zai sake yarda da kai ba a littafi na gaba. Haka nan jarumar da kullum sai ta ga mijin da za ta aura a barci tun babi na ɗaya, ko finafinanmu da in ana son a sa waƙa sai a kwantar da jarumi ya lumshe ido. In za ka sa wa mutumin labarinka mafarki, ka gajarta shi, kuma ya tona mana abin da yake ɓoyewa ko da daga kansa ne.

Ɗana, wannan da zan faɗa da kai nake musamman. Za ka haɗu da masu ce maka basira tana cikin kwalba ko hayaƙi, wai manyan mawaƙa sai sun sha suke gani. Wasu har sukan kawo misalin Samuel Taylor Coleridge na Ingila, wanda ya ce a 1797 ya sha maganin ofiyom ya yi barci, ya ga waƙa mai layi ɗari biyu zuwa uku, ya farka ya fara rubutawa, baƙo ya katse shi, da ya dawo sauran sun gudu. Layi 54 suka tsira. Abin da ba sa ƙarasa maka shi ne ofiyom ɗin ya cinye lafiyarsa da aurensa, har ya yi shekara 18 na ƙarshen rayuwarsa a gidan wani likita da ke ƙayyade masa abin da zai sha. Mu ma mun ga namu. Sai da ta kai gwamnatin Najeriya ta hana sarrafa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda ya kwantar da samari da 'yan mata, har da matan aure. Kuma bincike ya nuna giya da wiwi da dangin kodin suna rage sashen barcin nan da ake mafarki a cikinsa. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Abin da ke ciyar da mafarki shi ne abin da ka zuba wa kanka da rana. Loewi da na ambata ya ce tunanin ya fara zo masa shekara 17 kafin daren nan, ya yi ta aiki a fagen har ranar da barci ya haɗa masa zaren. Imam Busiri na Masar, mai Burda da ake rerawa a garuruwanmu lokacin Mauludi, yadda ake ruwaitowa sai da ya tsara ƙasidar yana kwance da shanyewar jiki, sannan ya ga Manzon Allah a barci ya lulluɓe shi da mayafinsa. Kafin wannan dare ya riga ya ƙware a waƙa shekaru masu yawa. Saboda haka ka yi karatu. Ka karanta Abubakar Imam, wanda yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, ka ga yadda ya cika rumbunsa da tatsuniyoyin gida da hikayoyin Larabawa. Ka zauna da tsofaffi, ka saurari yadda ake ciniki a kasuwa. In wani babi ya gagare ka, ka karanta shi kafin ka kwanta, ka bar wayar a nesa. Ba kullum ba, amma wata rana za ka tashi da bakin zaren.

Mummunan mafarki kuwa an koya mana ladabinsa: ka yi tofi a hagunka sau uku, ka nemi tsarin Allah, ka juya kwanciya, kada ka bi mutane kana ba su labarinsa. Marubuci ma wannan ladabi ya hau kansa. Abin da zai iya ɗauka shi ne sanin yadda tsoro yake a jiki, bushewar maƙogwaro da nauyin ƙafa, ya ba wani a cikin labari. Dannau da ke firgita da yawanku yana da bayani: a sashen barcin nan jiki yana saki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani, to wani lokaci hankali yakan riga jiki farkawa, sai ka ji kana gani amma ba ka iya motsi. Yana wucewa da kansa, kuma ƙarancin barci yana ƙara shi. Amma akwai 'ya'yanmu daga Borno da Yobe da Zamfara da Katsina da suka ga abin da bai kamata ido ya gani ba, kuma abin yana dawo musu dare bayan dare yadda ya faru, har suna tsoron kwanciya. In kana cikinsu, wannan rauni ne, kuma yana da magani. Ka ci gaba da addu'a, ka kuma je asibiti, akwai na ƙwaƙwalwa a Maiduguri da Kaduna da Kware da Dawanau. Gaya wa likita neman magani ne. Cikin hanyoyin da suke bi har da sa majinyaci ya sake tsara mafarkin da rana, ya sauya masa ƙarshe, ya riƙa maimaita sabon a ransa, kuma an ga yana rage wa mutane da yawa yawan firgitar. Kada ka yi wannan kai kaɗai in abin ya yi nauyi.

Najib Mahfuz na Masar, Balarabe na farko da ya sami lambar Nobel ta adabi a 1988, wani matashi ya daɓa masa wuƙa a wuya a ƙofar gidansa a Alƙahira a 1994, yana da shekara 82. Ya rayu, amma jijiyar hannunsa na dama ta lalace, ga ido da kunne sun riga sun yi rauni. Mutumin da ya saba rubuta littafi mai ɗaruruwan shafuka ya koma da ƙyar yake riƙe alƙalami na 'yan mintoci. Sai ya juya ga mafarkansa. Yakan ɗauki abin da ya gani, ya yi ta juya shi a ka yana gyarawa har ya zama ɗan labari mai sakin layi ɗaya, sannan ya rubuta ko ya yi shifta a rubuta masa. A cikinsu matattun abokansa suna dawowa, unguwar da ya tashi tana sauya kama, tsoffin shugabannin Masar suna shigowa su fita. An buga sama da 200 a mujalla da littafi, ya kuma ci gaba da yin su har kusa da rasuwarsa a 2006. Kai da hannunka ke lafiya, ke da idonki ke gani, ku fara da irin wannan tsawon, layi biyar ko bakwai a kan mafarki ɗaya, a gyara har ya tsaya da ƙafarsa. In sun kai goma, ku zaɓi wanda ya fi damun ku a cikinsu, ku kai wa wanda ya fi ku karatu ya duba muku.